Ali Farka Toure: Makaɗin jitar da ya fi son a kira shi manomi

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu ya san kogin Kwara, ko a gadar Jebba ko a wajen Lakwaja. 'Yan uwanmu na Onicha kuwa kullum da shi suke kwana suke tashi. To, da mutum zai bi ruwan nan ya yi ta hawa, ya wuce Yawuri, ya wuce Yamai, ya shiga ƙasar Mali, ya bar Gao da Timbuktu a baya, zai tarar da wani gari a bakin ruwa ana ce masa Niafunke. Garin marigayi Ali Farka Toure ke nan, mutumin da mujallar Rolling Stone ta Amurka ta taɓa sanyawa cikin gwanayen jita 100 na duniya, tare da manyan makaɗan rok na Turawa.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, yankin Timbuktu. Sunansa na yanka Ali Ibrahim. Shi ne ɗa na goma a wajen mahaifiyarsa, kuma duk waɗanda suka riga shi sun rasu tun suna ƙanana. Farka laƙabi ne, ma'anarsa jaki a harshen Songhai, ɗan uwan Zabarmanci, kuma ba zagi ba ne: juriya da taurin kai ake nufi. Mahaifinsa ya rasu yana sojan Faransa tun Ali na jariri, sai iyalin suka koma Niafunke.

Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A can ma kamar a ƙasar Hausa, kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, ɗan manyan gida bai isa ya ɗauki molo ya fita ba. Amma yaron nan mai suna jaki bai ji ba. Ya haɗa wa kansa ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, danginsu kuntigi, daga baya ya ƙware a njarka, wadda in ka ji ta sai ka ce kukuma ce. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, daga ranar ya ƙudura sai ya iya. Babu malami, babu makaranta. Abin da hannunsa ya saba yi a tsirkiya ɗaya shi ya kwashe ya zuba a kan guda shida. Asalin salonsa ke nan, shi ya sa jitarsa ba ta yin magana irin ta Turawa.

Kafin kiɗa ya fara ciyar da shi ya yi tuƙin mota, ya yi na jirgin ruwa. Bayan Mali ta sami 'yanci a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kakkafa ƙungiyoyin wasannin gargajiya a gundumomi, Ali ya shiga ta Niafunke. A 1968 aka tafi da shi wani biki a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya, a can ya sayi jitarsa ta farko. Ka ga fa, shekara 12 yana kaɗa ta aro.

A wannan tsakanin ne ya fara jin faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka, musamman John Lee Hooker, gwanin kiɗan da suke kira buluz, wanda daga jikinsa rok ya fito. Ali bai ɗauki abin a matsayin baƙo ba. Ra'ayinsa har ya bar duniya shi ne kiɗan nan na gida ne, bayi ne suka ƙetare teku da shi. Don haka ba ya jin daɗi idan Turawa suka kwatanta shi da Hooker kamar shi ne ya kwaikwaya. A ganinsa saiwar tana wajensa, rassa ne suka miƙa Amurka. Masana na iya ja da shi a kan wannan, amma kunne dai yana jin dangantakar.

Daga 1970 ya yi shekara goma yana aikin ɗaukar sauti a gidan Rediyon Mali da ke Bamako. Yana naɗar waƙoƙinsa yana aika wa wani kamfani a Faris, suna bugawa. A 1980 ya tattara ya koma gona.

Da a nan labarin zai tsaya, ba don ɗaya daga cikin faya-fayan ya faɗa hannun Andy Kershaw na BBC ba, wanda ya dinga sa shi a shirinsa. Anne Hunt ta kamfanin World Circuit ta taso takanas har Bamako nemansa, sai da aka yi cigiya a rediyo kafin a same shi. A 1987 ya sauka Landan, yana dab da shekara 50. Daga nan ƙofa ta buɗe: a kundin The River na 1990 ya yi kiɗa da wasu 'yan ƙungiyar Chieftains ta Ailan, a The Source kuma da Taj Mahal, Ba'amurke.

Haɗuwar da ta fi yin amo ita ce ta Ry Cooder, gwanin jitar da tun ƙarshen shekarun 1960 ya yi aiki da Rolling Stones. A 1993 suka shiga situdiyo a Los Angeles, cikin 'yan kwanaki suka gama Talking Timbuktu, wanda ya fito a 1994 ya kuma ci kyautar Grammy. Abin yabo a wajen Cooder shi ne ya san matsayinsa. Bai yi ƙoƙarin jan akalar ba, ya tsaya a baya yana yi wa Ali rakiya, Ali kuwa yana waƙa da Songhai da Fulatanci da Bambara da harshen Buzaye, bai sauya ko kalma ɗaya don a fahimce shi a Amurka ba.

Wani da ya sami irin wannan dama sai ya nemi gida a Faris. Shi kuwa sai ya rage yawo, ya zuba kuɗin a injinan ban ruwa da noman shinkafa. Wanda ya san fadamar Jere a Borno, daga Khaddamari zuwa Zabarmari, ya san wannan noma ba ya son mai gona ya yi nisa, ruwa ba ya jiran kowa. Da kamfanin ya matsa yana son sabon kundi, dole Nick Gold, shugabansa, ya kwaso na'urori da janareta ya kai su har Niafunke. Aka kafa situdiyo a wani tsohon gini, ana jira sai mai gida ya taso daga gona sannan a kunna. Kundin ya fito a 1999 da sunan garin. A kunnena ya fi na Amurka daɗi, domin babu kwalliya a cikinsa, kuma almajirinsa Afel Bocoum yana gefe.

A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunke. Da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya haƙa magudanan ruwa, ya riƙa sayen man janaretan da ke bai wa garin wuta. Mu da muke neman na kanmu a Agege da Sabo da Ama Hausa mun san nauyin wannan, domin tura kuɗin Sallah gida daban, komawa ka ɗauki wahalar gari a ka daban.

A shekarar ce kuma ya zauna da Toumani Diabate a otal ɗin Mande da ke bakin kogi a Bamako. Toumani gwanin kora ne, wani abin kiɗa na ƙwarya mai tsirkiya 21, kuma shi gadon kiɗa ya yi tun kaka da kakanni. Wanda ya gada da wanda aka hana suka fuskanci juna, babu gwaji, aka kunna na'ura kawai. Abin da ya fito shi ne In the Heart of the Moon, wanda ya kawo masa Grammy ta biyu a Fabrairun 2006. Lokacin ciwon daji na ƙashi ya riga ya ci ƙarfinsa.

Wani abin mamaki, mutumin da ya bijire wa danginsa saboda kiɗa shi ne ya so ya hana ɗansa Vieux, ya fi son ya shiga soja, saboda ya san cutar da ake yi wa makaɗa a harkar. Ɗan ma ya gado taurin kan. Daga ƙarshe uban ya sauko, har ya kaɗa jita a kundin ɗan na farko yana cikin jinya.

Ya rasu a Bamako a farkon Maris na 2006, yana da shekara 66. Gidajen rediyon Mali suka dakatar da shirye-shiryensu suna sa waƙoƙinsa, aka ɗauki gawarsa zuwa Niafunke aka binne shi a can. Kundinsa na Savane ya fito bayan 'yan watanni, wani kuma da suka naɗa da Toumani ya ci Grammy a 2011, shekara biyar bayan an rufe shi. Allah ya jiƙansa.