Duarte Pacheco Pereira, Kwamandan Elmina Da Aka Mayar Gida Cikin Sarƙa

Duk wanda fatauci ya taɓa kai shi gaɓar tekun Ghana ya san gidan kaso na Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 domin sayen zinariya. A yau mun waiwayi rayuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe shi.

An haifi Duarte Pacheco Pereira wajen 1460. Matuƙin jirgin ruwa ne kuma soja. Ya yi suna a 1504 a Indiya, inda ya kare garin Kochin daga rundunar sarkin Kalikut da mayaƙa ƙalilan. Bayan ya koma gida ya rubuta littafi kan gaɓar Afirka, wanda a ciki ya ambaci Mandinkawa cikin fataken da ke kawo zinariya Elmina.

A 1519 Sarki Manuwel ya naɗa shi kwamandan Elmina. Cinikin wurin na sarki ne shi kaɗai: ana ba da tufafi da mundayen tagulla, har da bayi, a karɓi zinariya. Tun da sarki yana Lisbon, tafiyar makonni a teku, idonsa ba ya kan ma'aikatansa. Sai ya dogara ga littattafan magatakarda, da ƙarar da ake aiko masa, da binciken da akan yi wa jami'i idan wa'adinsa ya cika.

Manuwel ya rasu a ƙarshen 1521, ɗansa Joao na Uku ya gaje shi. A 1522 aka kama Pacheco bisa zargin cin amanar dukiyar sarki, aka ƙwace kayansa, aka kai shi Lisbon a ɗaure. Daga baya aka sake shi, amma bai sake riƙe muƙami irin wannan ba har ya mutu a 1533.

Mu da muke hulɗa da jami'an kan iyaka mun san amfanin a sa wa ma'aikaci ido. Sai dai idan mai hukunci yana nesa, abin da aka kai masa shi zai ji, ko gaskiya ko sharri. Don haka wanda aka damƙa wa amanar kayan wani, ya riƙe lissafi a rubuce, ya kuma kafa shaidu tun kafin ranar tambaya.