Benito Huwares Garsiya, Makiyayin Da Ya Zama Shugaban Ƙasa

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Kwanakin baya mun yi gardama a kan wannan magana a ɗakin kwananmu, har aka kashe fitila ba mu gama ba. Waɗansu suka ce lalle suna yakan ja mai shi zuwa ga halin wanda aka yi wa takwara, waɗansu suka ce faufau. Gardamar nan ce ta kai ni laburaren makarantarmu, ita ce kuma dalilin wannan ɗan rubutu.

A can na tarar cewa a ƙasar Sifen babu sunan gida da ya kai Garsiya yawa, ya kuma bazu cikin ƙasashen nahiyar Amurka waɗanda Sifaniyawa suka mulka. Akwai Manuwel Garsiya, malamin waƙa, wanda a cikin 1854 ya ƙago ɗan madubin da ake duba maƙogwaro da shi. Akwai Federiko Garsiya Lorka, marubucin waƙoƙi, wanda aka kashe a 1936. Akwai kuma Gabriyel Garsiya Markes na Kolombiya, marubucin ƙagaggun labarai, wanda ya sami kyautar Nobel a 1982. Suna guda, amma kowa da abin da ya shahara a kai. Wanda labarinsa ya fi ratsa ni shi ne wani mutumin Meziko, Benito Juarez Garcia, wanda a bakin mutanen ƙasarsa Huwares Garsiya ake furtawa. A al'adarsu yaro yakan ɗauki sunan gidan ubansa, sa'an nan na gidan uwarsa. Watau Huwares na ubansa ne, Garsiya kuwa na uwarsa.

An haifi Benito ran 21 ga Maris, 1806, a wani ɗan ƙauye cikin duwatsu mai suna Gelatawo, a jihar Wahaka. Iyayensa talakawa ne, manoma, 'yan ƙabilar Sapotek, watau cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Yana da shekara uku uwa da uba duk suka rasu. Ya zauna hannun kakanninsa, da su ma suka rasu sai wani baffansa ya ɗauke shi, ya sa shi kiwon tumaki. Har ya kai shekara goma sha biyu harshen ƙabilarsu ne kaɗai ya zauna a bakinsa. Sifaniyanci kuwa, wanda shi ne harshen makaranta da na kotu, sai ɗan tsinte-tsinte.

Cikin watan Disamba na 1818 yaron nan ya bar ƙauye a ƙafa, ya yi tafiyar kusan mil arba'in zuwa birnin Wahaka, inda yayarsa take aikin dafa abinci a gidan wani attajiri, Antoniyo Masa. Daga nan aka haɗa shi da wani dattijo mai aikin ɗinka littattafai, Antoniyo Salanuweba. Benito yana yi masa aikace-aikacen gida, shi kuwa ya sa shi makaranta. A makarantar ma bai sha da daɗi ba. Malami yana koyar da 'ya'yan masu hali da kansa, 'ya'yan talakawa kuwa an ware su gefe an bar su da mataimaki. Da na karanta wannan sai na tuna da shekarata ta farko a nan, sa'ad da nakan yi shiru a aji don tsoron kada a yi wa Ingilishina dariya.

A 1821 ya shiga makarantar horar da limaman Kirista, domin a lokacin kusan ita ce kaɗai ƙofar ilimi da ke buɗe ga ɗan talaka irinsa. Amma zuciyarsa ba ta kan limanci. Da aka buɗe sabuwar makarantar ilimin zamani a garin sai ya koma can ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1834. Bai daɗe da fara aiki ba ya tsaya wa talakawan wani ƙauye waɗanda limaminsu yake tatsar kuɗi fiye da ƙima. Maimakon a bi musu hakki, sai shi lauyan aka jefa a kurkuku na 'yan kwanaki. Nan ya gani da idonsa cewa shari'ar ƙasarsu ba ɗaya take ga kowa ba.

Kwanci tashi ya zama alƙali. A 1843 ya auri Margarita, 'yar gidan nan da yayarsa ta yi wa aiki. A 1847 ya zama gwamnan jiharsu, ya buɗe makarantu, ya gyara hanyoyi, ya kuma tsare baitulmali da amana. Amma a 1853 wani janar mai mulkin kama-karya, Santa Ana, ya kore shi daga ƙasar. Tsohon gwamna ya koma birnin Niyu Oliyans na Amurka yana naɗa taba a wata ma'aikata don ya sami abin sa wa baka.

Bayan an tumɓuke Santa Ana a 1855 ya dawo gida, aka ba shi ministan shari'a. Nan da nan ya yi dokar da ta rage ikon kotunan musamman na sojoji da na limamai, don kowa ya tsaya gaban alƙali guda in maganar ta jama'a ce. Aka yi sabon tsarin mulki a 1857, ya zama Alƙalin Alƙalai. Masu adawa da gyaran nan suka yi juyin mulki, shugaban ƙasa ya sauka, tsarin mulki kuwa ya ce Alƙalin Alƙalai ne zai hau. Ta haka makiyayin nan ya zama shugaban Meziko a 1858. Shekara uku aka yi ana yaƙin basasa kafin ya shiga babban birni a watan Janairu na 1861.

Ya tarar baitulmali fayau, don haka ya dakatar da biyan bashin ƙasashen waje na shekara biyu. Ingila da Sifen da Faransa suka aiko da sojoji. Biyun farko suka janye, amma Sarkin Faransa, Nafoliyon na Uku, ƙasar yake so gaba ɗaya. Sojojin Meziko sun karya Faransawa a Puwebla ran 5 ga Mayu, 1862, amma da aka ƙaro musu mayaƙa sai suka ci babban birnin a 1863. A 1864 suka kawo wani ɗan sarautar Ostiriya, Maksimiliyan, suka naɗa shi sarki.

A nan ne aka san ko wane ne Huwares. Ya shiga wani baƙin keken doki, ya yi ta ƙaura da gwamnatinsa daga gari zuwa gari, har ya kai bakin iyakar Amurka, amma bai tsallake ba, bai kuma miƙa wuya ba. Iyalinsa suna gudun hijira a Niyu Yok, 'ya'yansa maza biyu suka rasu a can, bai sami ganin jana'izarsu ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1867 Faransa ta kwashe sojojinta, aka kama Maksimiliyan, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Manyan mutanen Turai suka roƙi a yi masa afuwa, Huwares ya ƙi, aka harbe shi ran 19 ga Yuni. Cikin wannan shekarar gwamnatinsa ta yi dokar ilimi wadda ta sa karatun firamare ya zama tilas a yankin babban birni, kuma kyauta ga 'ya'yan talakawa.

Ba zan ɓoye laifinsa ba, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wata doka da jam'iyyarsu ta yi a 1856 ta jawo ƙauyuka da yawa na ƙabilu irin tasa suka rasa gonakinsu na gandu, masu kuɗi suka saye. Har ila yau ya daɗe a kan mulki. Da ya sake tsayawa zaɓe a 1871, waɗansu tsofaffin abokan gwagwarmayarsa suka juya masa baya, Janar Porfiriyo Diyas ma ya yi tawaye. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 18 ga Yuli, 1872, yana da shekara 66, yana bisa mulki. Duk da haka mutanen Meziko ba su manta da shi ba. Garin nan na bakin iyaka inda ya fake yanzu sunansa yake amsawa, kowace shekara kuma ana hutu cikin watan Maris don tunawa da haihuwarsa.

To, mu koma ga gardamarmu. A 1883 wani maƙeri a Italiya, saboda ƙaunar Huwares, ya raɗa wa ɗansa suna Benito. Yaron nan shi ne Benito Musolini, wanda ya danne mutanen ƙasarsa, ya kuma kai wa Habasha yaƙi a 1935. Mai sunan na farko ya kori 'yan mamaya daga ƙasarsa, takwaransa kuwa ya mamaye ƙasar waɗansu. Ina linzamin yake?

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, musamman ƙannenmu na aji ɗaya waɗanda suka zo daga ƙauye suna jin kunyar bakinsu, ku tuna akwai wanda ya fara makaranta yana da shekara goma sha biyu, maraya, bai iya harshen malaminsa ba. Iyayenmu kuwa, muna roƙonku ku bar ƙannenmu maza da mata su zo makaranta, ko da kiwo zai ɗan sha wuya. Ku kun raɗa mana suna ran bakwai, abin da za a riƙa tunawa in an ambace shi kuwa yana wuyanmu. Allah ya sa mu dace, amin.