IBNUL HAISAM, MALAMIN DA YA BINCIKI HASKE DA HUSUFI

Daga cikin malaman Musulmi da suka yi fice a ilmin falaki da hisabi, da wuya a sami wanda tarihinsa ya ƙunshi abin mamaki kamar na Abu Ali Hasan ɗan Hasan, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam. Mutum ne da ya yi wa sarki alkawarin sarrafa Kogin Nilu ya kasa, ya zauna a kulle ana ce masa mahaukaci, sa'an nan ya fito ya gyara wa masana fahimtarsu game da yadda ido ke gani da yadda haske ke tafiya.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 ta Hijira, watau 965 ta Miladiyya. Ɗaliban Larabci sun san Basra da nahawu, garin Halilu ɗan Ahmad da almajirinsa Sibawaihi, amma kuma gari ne na masu hisabi da masu jayayyar ilmi. Ibnu Abi Usaibi'a, mai tarihin likitoci, ya adana wani bayani da Ibnul Haisam ya rubuta a kan kansa yana da shekara 63. A ciki ya nuna cewa tun yana yaro saɓanin mutane ya dame shi, kowace ƙungiya ta riƙe nata ra'ayi tana ganin shi ne daidai, alhali kuwa gaskiya ɗaya ce. Wannan ne ya karkata shi zuwa ga fannonin da a ke kafa hujja a cikinsu da abin da ido ya gani, hankali kuma ya tabbatar.

A zamanin nan Masar tana hannun Faɗimiyyawa, sarkinta kuwa Alhakimu bi Amrillahi, wanda ya hau mulki a 996. Sarki ne mai son ilmi, shi ya kafa Darul Ilmi a Alƙahira a 1005, kuma da sunansa ne masanin taurari Ibnu Yunus ya sa wa babban littafinsa na lissafin tafiyar taurari. Amma mutum ne mai saurin juyawa, wanda ya hallaka da yawa daga cikin waziransa da ma'aikatansa. Zama da shi kamar zama da wuta ne, a ji ɗumi daga nesa.

Kamar yadda Ibnul Ƙifɗi ya kawo, labari ya kai wa sarkin cewa akwai wani masani a Basra da ke cewa da yana Masar da ya yi wa Nilu aikin da za a amfana da shi, ko ruwa ya yi yawa ko ya yi ƙaranci. Rayuwar Misirawa duka a kan ambaliyar kogin nan ta rataya: in ta gaza a yi yunwa, in ta wuce kima a yi ɓarna. Sarki ya aika masa da dukiya, ya kira shi, har ya fita bayan gari ya tarye shi da kansa. Aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nausa kudu. Tun a hanya jikinsa ya fara yin sanyi, domin ya ga irin gine-ginen da mutanen dā suka bari a gaɓar kogin, ya gane cewa masu wannan gwaninta da abin mai yiwuwa ne da sun riga shi. Da ya isa wurin duwatsun da ruwa ke gangarowa kudu da Aswan, ya duba, ya auna, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa.

Nan ne halin mutumin ya bayyana. Yana iya soma haƙa da gini, ya yi ta cin kuɗin sarki yana jan lokaci, kamar yadda masu kwangila da yawa kan yi. Maimakon haka sai ya koma ya gaya wa Alhakimu cewa ya yi kuskure. Sarki ya karɓi uzurin a zahiri, ya ba shi wani muƙami a ofisoshin mulki, shi kuwa ya karɓa don tsoro. Da ya ga kansa na cikin haɗari sai ya ƙirƙiri hauka. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida, aka sa masu lura da shi, har ranar da Alhakimu ya fita da dare wajen dutsen Muƙaɗɗam a 1021 bai sake dawowa ba. Baihaƙi ya kawo labarin ta wata fuska, cewa sarkin ya raina shirin tun a ganawar farko, malamin ya gudu Sham, amma ruwayar Ibnul Ƙifɗi ce ta fi shahara. Madatsar ruwa dai ba a gina ta a Aswan ba sai a 1902, babbar kuwa aka gama ta a 1970.

Bayan mutuwar sarki haukan ya warke, aka mayar masa da kayansa. Ya tare a wani ɗaki kusa da ƙofar masallacin Azhar, bai sake neman kujera ba. An ce a kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis na handasa, da Almajisɗi na Baɗlaimus, da wasu matsakaitan littattafai da a ke karantawa tsakaninsu, ya sayar a kan dinari 150, ya ci abinci da su har shekara ta kewayo. Sauran lokacinsa duk na nazari ne.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai kashi bakwai, a kan haske da gani. Kafin shi manyan Yunanawa irin su Uƙlidis da Baɗlaimus suna cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, sa'an nan a gan shi, kamar yadda makaho ke laluben hanya da sanda. Wasu kuma, bin Arisɗo, suna cewa surar abin ce ke shigowa ido, amma ba su iya bayyana ta yaya ba. Ibnul Haisam ya fara da abubuwan da kowa ya sani. Wanda ya dubi rana ido zai yi masa zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon wuta, in ya juya ga duhu zai ci gaba da ganin alamarta. Ashe ke nan wani abu ne ke shigowa daga waje ya yi tasiri a ido. Daga nan ya kafa cewa haske yana fita daga kowane ɗigo na abu mai haske, zuwa kowace fuska, a kan miƙaƙƙen layi. Ya kuma raba shi biyu: akwai na asali, kamar na rana da wuta, akwai na aro, kamar na bangon da rana ta haska, wanda shi ma yakan watsa abin da ya ara.

Abin da ya bambanta shi da magabata shi ne bai tsaya ga faɗa ba. Kowace magana sai ya haɗa ta da gwaji, abin da ya ke kira i'itibari, ya bayyana yadda za a ƙera kayan, da awonsu, don mai shakka ya maimaita da hannunsa. Ga misali guda. A jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu, a huda ƙofarsa ƙaramar huda. A bangon ciki za a ga ɗigon haske daidai adadin fitilun, kowane yana fuskantar fitilarsa ta cikin hudar. In aka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Wannan ya nuna haske miƙe ya ke tafiya, kuma haskoki da yawa suna ratsa huda ɗaya ba tare da sun cakuɗa ba. Wannan ɗaki mai duhu shi ne kakan kyamarar ɗaukar hoto.

Har ila yau yana ganin haske ba ya isa wuri nan take, yana ɗaukar lokaci, sai dai lokacin ya yi ƙanƙanta da a riske shi. Yawancin masana ba su yarda ba, har sai a 1676 da Ole Romer, mutumin Denmark, ya tabbatar da haka. Yau an san haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma na rana yana yin minti takwas da 'yan kai kafin ya iso ƙasa.

Da wannan sani ne ya ɗaga kai sama. Tun dā an san wata daga rana ya ke samun haske, amma an ɗauka kamar madubi ya ke, mai sulɓi. Ibnul Haisam ya rubuta risala a kan hasken wata, ya nuna da lissafi cewa da madubi ne da ba za a ga fuskarsa duka tana haske ba, sai dai wani ɗan wuri. Ya yi amfani da wani ma'auni mai tsaga, yana duban yanki yanki na watan, ya ga kowane ɗigo da rana ta haska yana aiko da haske ta kowace fuska. Rabin wata kullum a haskake ya ke, abin da ke sauyawa shi ne gwargwadon abin da ke fuskantar mutane daga wannan rabin, shi ya sa a ke ganin jinjiri, sa'an nan rabi, sa'an nan cikakke a daren sha huɗu.

Husufi ma daga nan ya ke. Na rana yana faruwa ne idan wata ya gitta tsakanin rana da ƙasa, sabo da haka ba ya aukuwa sai a ƙarshen watan Hijira. Na wata kuwa sai a tsakiyarsa, lokacin da ƙasa ta shiga tsakani inuwarta ta faɗa kan watan. Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a yi husufi kowane wata? Dalili shi ne hanyar wata ta karkace daga hanyar rana da kamar daraja biyar, don haka galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasa, sai in haɗuwar ta zo kusa da mahaɗar hanyoyin biyu. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, amma kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa ƙaramin ya ke iya rufe babbar. Tun a shekara ta goma ta Hijira, ranar da aka yi husufi a Madina ya dace da rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Annabi ya kore zaton cewa husufi na aukuwa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umurci mutane da salla da addu'a. Malaman falaki sun zo suka yi bayanin yadda abin ke gudana.

Gudummawar Ibnul Haisam a nan ita ce risalarsa a kan surar husufi. Ya lura cewa in rana ta kamu sashi, haskenta ya bi ta ƙaramar huda ya sauka a bango, sai ya fito da siffar lauje, kuma a juye, domin hasken saman rana yana sauka ƙasa, na ƙasanta ya hau sama. Ya bincika dalilin da ya sa in hudar ta yi faɗi siffar ke lalacewa. Waɗanda suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, in sun dubi ƙarƙashin bishiya sun ga irin waɗannan 'yan lauje birjik a ƙasa, kowace kafa tsakanin ganye ta zama huda. Ita ce kuma hanyar kallo da ba ta cutar da ido, domin duban rana kai tsaye, ko tana cikin husufi, yana iya makantarwa.

Game da tafiyar sama, shi ma kamar mutanen zamaninsa ya ɗauka ƙasa a tsaye ta ke, sama ce ke kewaya ta kowace rana daga gabas zuwa yamma. Amma duk da shekarun da ya yi yana kwafar Almajisɗi, bai ji nauyin rubuta littafin Shakku a kan Baɗlaimus ba. Baɗlaimus ya shimfiɗa ƙa'idar cewa jikkunan sama suna juyawa da gudu ɗaya a kan cibiyarsu, sa'an nan, don lissafi ya fita, ya sa wasu suna daidaita gudunsu da wani ɗigo dabam wanda ba cibiyar ba. Ibnul Haisam ya ce wannan tufka da warwara ne, kuma da'irar da mutum ya zana a ƙwaƙwalwarsa ba ta motsa tauraro na gaske. Bai kawo cikakken madadin da ya karɓu ba, amma matsalar da ya tono ita ce Nasiruddin Ɗusi ya yi ta fama da ita a Maraga, da Ibnush Shaɗir, mai tsayar da lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, kafin Kofanikus ya sa rana a tsakiya a 1543.

Ba a ce bai yi kuskure ba. Ya zaci taurari masu tafiya, irin su Zuhura da Mushtari, haskensu nasu ne, alhali su ma aro su ke yi daga rana. Ya kuma ɗauka ƙwayar nan mai kama da gilashi da ke gaban ido ita ce ke karɓar gani, sai a 1604 Kefla Bajamushe ya nuna cewa a bangon bayan ido ne surar ke sauka, a juye. Amma ya dace da ya ce farar hanyar nan da ke ratsa sama da dare, wadda Larabawa ke kira Majarra, ba cikin iskar ƙasa ta ke ba kamar yadda Arisɗo ya zata, tana can nesa ƙwarai. Ya kuma bar risala a kan fitar da alƙibla da lissafi.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Abin takaici, Kitabul Manazir ya daɗe bai sami mai ɗaukarsa yadda ya kamata ba a ƙasashen gabas, sai bayan fiye da shekara 250, lokacin da Kamaluddin Farisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, ya kuma yi bayanin bakan gizo da gwajin ƙwallon gilashi cike da ruwa. Turawa sun fassara littafin da Latin wajen 1200, suna kiran mai shi Alhazen, aka buga shi a birnin Basel a 1572. A 2015 hukumar UNESCO ta yi bikin cikarsa shekara dubu a cikin Shekarar Haske ta Duniya, kuma akwai wani rami a gefen gabas na fuskar wata da masana suka sa wa sunansa.