Dokta John Falconer (1876–1947): Mutumin da Ya Karanta Duwatsun Arewa a Kan Doki

Duk ɗan wannan yanki da ya taso daga Zariya ya doshi gida, da zarar ya hango duwatsun Funtuwa ya san ya iso. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar shekarun waɗannan duwatsu, ko abin da ke kwance a ƙarƙashin gonakinmu na auduga da masara. Wannan ya sa a bana muka ga dacewar kawo tarihin mutumin da ya aza harsashin binciken ƙasar Arewa a kimiyyance, wato Dokta John Downie Falconer.

An haifi Falconer a ƙasar Sikotilan a shekarar 1876. Ya yi karatu a jami'o'in Gilasgo da Edinbara, ya ƙware a ilimin duwatsu da ma'adanai har ya kai matakin digirin digirgir. Ya kuma yi aiki a ƙarƙashin shahararren masanin nan Farfesa James Geikie, wanda ya goge shi a fagen bincike.

A shekarar 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Ba su ɓata lokaci ba, a 1904 suka soma binciken ma'adanan Arewacin Nijeriya, aikin da ya ɗore har 1909, kuma Falconer ya zama jagoransa. A wancan zamani jirgin ƙasa bai iso Kano ba, balle a yi zancen titin mota. Bisa doki ya ratsa dazuzzuka, 'yan dako na biye da shi, yana fasa dutse da guduma, yana duba gaɓar rafi da bakin rijiya, ana aika samfurin abin da aka samo zuwa Landan domin a gwada.

A 1911 ya fitar da littattafai biyu: ɗaya kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Nijeriya, ɗaya kan labarin tafiye-tafiyensa. A littafi na farko ne ya raba manyan duwatsunmu masu tauri gida biyu: tsofaffi da ƙannensu. Ya lura cewa ƙannen, irin na tsaunukan Jos, su ne ke tafe da kuza. Tsofaffin kuwa su ne suka mamaye ƙasashen Zazzau, Katsina da Kano, kuma cikinsu duwatsun yankinmu suke. Bayan shekaru da dama, awon zamani ya tabbatar da hasashensa: tsofaffin sun kai kimanin shekara miliyan 600, na Jos kuwa ba su cika miliyan 200 ba. Har yau ɗaliban jami'o'inmu da waɗannan sunaye nasa suke karatu.

Daga nan ya koma Gilasgo yana koyar da labarin ƙasa. Ya sake dawowa Nijeriya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma da aka kafa Hukumar Binciken Ma'adanai ta Nijeriya a 1919, shi ne darektanta na farko, ya riƙe ta har 1927. Bayan haka ya yi wa gwamnatin Yurugwai da ke Kudancin Amurka aiki. Ya mutu a Ingila a 1947, yana da shekara 70.

Gaskiya ɗaya ce: ba domin talakan Bakori ko na Ƙafur Falconer ya sha rana ba. Daular da ta aiko shi kuza take nema, kuma kuzar Jos jiragen ruwa suka kwashe zuwa Ingila. Amma ilimi ba ya da ƙabila. Wanda ya riƙe shi, shi yake yi wa aiki.

Mu dubi abin da wannan ilimi ke nufi a gare mu. Ƙasarmu tana zaune ne a kan tsohon falalen dutse, saɓanin ƙasar Sakkwato mai shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa. A nan ruwa yana maƙale ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a wata unguwa ta kawo ruwa, a matsa gaba kaɗan a haƙa a tarar da ƙura. Kuɗin al'umma nawa suka salwanta a haka saboda rashin masanin da zai auna wuri kafin a kafa inji? Ga farar ƙasa a Ƙanƙara, ga jerin duwatsu masu falle-falle da masana suka laƙaba wa sunan Malumfashi, dangin waɗanda ake samun zinariya a cikinsu a Maru da Anka. Kuma ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara. Arzikin ƙasa idan babu sani, kan zama annoba.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Ikko: yayin da muke tura 'ya'yanmu karatun likita da lauya, mu tuna da wannan fanni. Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka da mu tana koyar da shi har zuwa digiri na uku. Ya kamata asusun tallafin karatu na ƙungiyarmu ya ɗauki nauyin ko da ɗalibi ɗaya a shekara, bisa sharaɗin ya gudanar da bincikensa a kan ruwa da ma'adanan gida. Baƙo ya karanta ƙasarmu domin amfanin mutanensa; saura ɗan gida ya karanta ta domin namu. Allah Ya ba mu ikon cikawa, amin.