Likita Dalziel, Mai Tara Sunayen Itatuwan Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa buɗe manyan littattafan nan na ilmin tsire-tsiren Afirka ta Yamma zai tarar da sunan Katagum a wurare da yawa, kusa da shi kuwa da sunan wani Bature, Dalziel. Dalili ke nan ya kamata mu da mu ke koyon aikin malanta a wannan ƙasa mu san ko wane ne shi. Sunansa John McEwan Dalziel. Mutanen Sikotlan ba su faɗin sunan yadda a ke rubuta shi, Diyel su ke cewa.

An haife shi a Nagpur, ƙasar Indiya, cikin 1872. Ya koyi aikin likita a jami'ar Edinbara, ya tafi ƙasar Sin cikin 1895 ya yi aikin likitan mishan wajen shekara bakwai. Cikin 1905 ya shiga aikin likitocin Gwamnati na Afirka ta Yamma, aka turo shi Nijeriya. Ya tara tsire-tsire a Zungeru, da Kwantagora, da Sakkwato, da Yola, da Katagum. A zamanin nan kuwa ƙasar Katagum tana cikin lardin Kano.

Aikin da aka ɗauke shi dominsa duba marasa lafiya ne. Amma in ya taso daga asibiti sai ya shiga daji da fadamu. Kome ya gani, ko itace ne, ko ciyawa, ko haki, sai ya yanko reshe mai ganye da fure, ya shimfiɗa tsakanin takardu, ya danne har ya bushe. Sa'an nan ya rubuta inda ya samo shi, da sunan da mutanen wurin su ke kiransa, da abin da su ke yi da shi. Irin waɗannan busassun ganyaye ya riƙa aikawa Kew, babban lambun binciken tsire-tsire na birnin Landan, inda masana su ke gwada su da na wasu ƙasashe, su tabbatar da sunan kowanne da Latin.

Wani zai ce mene ne wuya cikin rubuta suna? To, wuyar ita ce itace ɗaya ya kan yi suna biyu ko uku. Abin da wasu su ke kira hano, wasu ararrabi su ke ce da shi. Ciyawan nan mai kashe gero da dawa, wani ya ce wuta-wuta, wani ya ce ƙuduji. In ba a daidaita sunayen da tsiron kansa ba, likita da malamin gona da manomi za su yi ta magana, kowa da abin da ya ke nufi. Saboda haka cikin 1916 ya fitar da littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary, watau jerin sunayen tsire-tsire da Hausa, kowane suna da takwaransa na Latin da ɗan bayani.

Har wa yau bai bar bincike ta wajen likitanci ba. Sa'ad da ya ke Ikko ya bi diddigin wuraren da sauro ya ke haihuwa, har cikin ramukan ƙaguwa da kogon itatuwa inda ruwa ya ke kwanciya. An buga sakamakon wannan cikin 1920.

Da ya bar aikin Gwamnati cikin 1922 sai ya koma Kew, suka haɗa hannu da wani masani, John Hutchinson. Daga 1927 zuwa 1936 suka fitar da Flora of West Tropical Africa, littafin da ya jera tsire-tsire masu fure na wannan sashe na Afirka, da hanyar rarrabe su. Cikin 1937 Dalziel ya biyo da nasa shi kaɗai, The Useful Plants of West Tropical Africa, inda ya tara amfaninsu: na ci, na magani, na rini, na jima, na igiya, da na dafi.

Wajen dafin nan ne aikinsa ya fi shafar zamaninmu. Ya rubuta labarin kwankwani, wanda maharba su ke dafa ƙwayarsa su shafa wa kibiya. Dafinsa zuciya ya ke kamawa, likitoci kuma sun daɗe da sanin kaɗan daga cikinsa maganin ciwon zuciya ne. Ya rubuta majimfa, wadda masunta su ke daka ganyenta su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso sama. Bincike ya nuna abin da ke cikin majimfa, dangin rotinon, yana kashe ƙwari kuma, rana tana lalata shi da sauri, ba ya daɗewa a gona. Aduwa ma, wadda ta cika ƙasarmu, an gane ɓawonta da 'ya'yanta suna kashe dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Dalziel ya rasu cikin 1948. A shekaran nan ne aka ba Paul Müller, mutumin Suwizalan, kyautar Nobel saboda gano ƙarfin DDT. Daga nan magungunan ƙwari na kanti suka cika duniya. Sun taimaka ƙwarai, amma sun zo da nasu ciwo. Gamalin 20 da aka kawo don gonaki, wasu suka riƙa zuba shi a rafi don kamun kifi, ya kashe manya da ƙanana. Cikin 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda za a daina. Cikin 2015 kuma ƙasashen Turai suka tsai da sayen busasshen wake daga Nijeriya, don maganin ƙwari ya yi yawa a jikinsa. Wannan ya sa masana suka sāke waiwayar tsire-tsire irin su majimfa, littafin Dalziel kuwa yana cikin waɗanda su ke dubawa. Wani masani, H. M. Burkill, ya sabunta shi, ya faɗaɗa shi har ya kai littafi 6, daga 1985 zuwa 2004.

An girmama shi da sa sunansa a jikin tsire-tsire. Hano da Latin Boswellia dalzielii ne, karan masallaci kuwa Caralluma dalzielii. Amma kada mu manta, sanin nan daga bakin manoma da maharba da masunta da masu magani ya samo shi, su kuwa ba itacen da aka sa wa sunansu. Abin yabo gare shi shi ne ya ɗauki maganarsu abin rubutawa, ya yi haƙurin bin ta har ya tabbatar.

To, 'yan'uwa, gobe mu ne za mu tsaya gaban yara a Azare, da Madara, da Chinade, da Gamawa. Tsofaffin da suka san sunan kowane haki suna ƙarewa, dajin ma yana ƙarewa. Kowane malami yana iya fita da 'yan ajinsa bayan gari da tsohuwar jarida da fensir, su tsinko ganye, su tambayi dattawa sunansa da amfaninsa, su rubuta har da sunan wanda ya faɗa musu. Yaron da ya koyi haka ba zai zuba guba a rafi ko a buhun wake ba sai ya tambayi abin da za ta yi.