Paulus Potter, mai zanen shanu na ƙasar Holan

An haifi Paulus Potter a garin Enkhuizen na ƙasar Holan a shekarar 1625, kuma a hannun mahaifinsa Pieter ya koyi zane. A zamanin, manyan masu zane sun fi karkata ga attajirai da labaran addini, dabba kuwa sai dai a saka ta can gefe. Shi ya jawo ta tsakiyar allo: shanu da tumaki a makiyaya, sararin sama a buɗe, ƙauye can nesa.

Yana ɗan shekara 21 ko 22, a 1647, ya zana bijimin da ya yi masa suna. Faɗin zanen ya wuce mita 3, bijimin kusan girmansa na gaske, ba shi da tozo kamar namu. Ga saniya kwance, ga rago da tunkiya, ga makiyayi jingine da bishiya. Bai ɓoye ƙudajen da ke bin bijimin ba, balle kashin shanun da ke ƙasa. Sai dai mahaucin kasuwar Aboabo a Tamale zai iya kama shi: masana sun lura haƙoran na babbar dabba ne, ƙahonin kuma na ƙarama. Daga shanu daban-daban ya harhaɗa shi.

Ya yi aure a birnin Hague a 1650, ya koma Amsterdam a 1652. Tarin fuka ya kashe shi a watan Janairun 1654, yana da shekara 28, ya bar zane kusan 100.

Sojojin Faransa sun kwashe bijimin zuwa Paris a 1795, sai bayan faɗuwar Napoleon aka mayar da shi. Yanzu yana gidan tarihi na Mauritshuis a Hague, kuma a nan ne labarin ya taɓo Ghana. Mai gidan na asali, Johan Maurits, gwamnan Holan ne a Brazil, shi ya tura jiragen da suka ƙwace sansanin Elmina daga hannun Fotugal a 1637, domin samun bayin da za su yi noman rake. Potter bai taɓa zana wannan ɓangare na arzikin ƙasarsa ba. Makiyayarsa mai kwanciyar hankali tana rataye ne a gidan da mutanen Hague suka laƙaba wa suna gidan sukari.