William Huggins

Sir William Huggins (7 ga Fabrairu, 1824 – 12 ga Mayu, 1910) masanin taurari ne ɗan Ingila, wanda ya fara tabbatar da cewa wasu daga cikin gizagizan da ake hangowa a tsakanin taurari iskar gas ce mai zafi.

Farkon rayuwa

An haife shi a Landan, a gidan 'yan kasuwar yadi. Bai yi jami'a ba. Ya sayar da shagon gidansu, a 1856 ya gina ɗakin kallon taurari a gidansa da ke Tulse Hill.

Aiki

Shi da maƙwabcinsa William Allen Miller, farfesan kimiyyar sinadarai, sun haɗa madubin hangen nesa da na'urar da ke rarraba haske zuwa launukansa. Kowane sinadari yana da layukansa a cikin haske, don haka ana iya gane shi daga nesa.

A daren 29 ga Agusta, 1864, Huggins ya duba gajimaren NGC 6543. Da tarin taurari ne, da an ga launuka a jere kamar bakan gizo. Sai ya ga 'yan layuka masu haske kawai, alamar gas. Bai san sinadarin da ke fitar da korayen layukan ba, aka ɗauka sabo ne, aka raɗa masa suna nebulium, daga kalmar Latin mai nufin hazo. Sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa iskar oksijin ce da ta rasa elektron biyu.

A 1875 ya auri Margaret Lindsay Murray, wadda ta ƙware wajen ɗaukar hoto. Yawancin abin da ya biyo baya aikinsu ne su biyu, ko da yake an daɗe ana ambaton sunansa shi kaɗai. A 1882 aka ɗauki hoton layukan hasken gajimaren Orion, inda ake haihuwar taurari. Ƙwayoyin sinadaran da ke cikin ƙurar wurin sun fi ƙarfin na'urorinsu. Sai a 1970 aka gano kabon monoksaid a can, da na'urar rediyo.

Ƙarshen rayuwa

Ya shugabanci Royal Society daga 1900 zuwa 1905. Ya mutu a Tulse Hill yana da shekara 86.